Zan tafi Lille karatu: in tura kuɗin ɗaki tun daga Maraɗi, ko in raɓa wurin abokina?

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya. Na gama lisansi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, na samu gurbin masta a Lille ta ƙasar Faransa, biza ma ta fito bayan doguwar wahala. Ɗakin CROUS, hukumar gidajen kwanan ɗalibai, ne ban samu ba. Na ga wani ɗaki a Facebook cikin gida na mutum uku, Yuro 300 a wata, hotunansa gwanin kyau. Mai gidan ya ce aiki ya kai shi wata ƙasa, in tura Yuro 600 ya ajiye mini, makulli zai aiko. Akwai kuma abokina ɗan unguwarmu Zariya da ke can, ya ce in zo mu zauna ɗakinsa in riƙa ba shi rabi. Baba ya ce ba zai fitar da ko dala ba sai na tambayi wanda ya san wurin. Wanne zan bi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun, kuma ka gaishe mini da Baba, ka ce masa ya yi daidai da ya riƙe kuɗinsa. Tun da ofishin jakadancin Faransa na Yamai ya rufe a farkon 2024, duk ɗan Nijar da ya samu bizar karatu ya sha zirga-zirga, to bai kamata a ƙarasa wahalar da asarar jika 394 ba, don abin da Yuro 600 ke kamawa ke nan a kuɗinmu, tunda Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne ba ya motsi.

Mutumin Facebook ɗin nan ɓarawo ne. Ban ga hotunan ba, ban ji muryarsa ba, amma labarin nasa tsohon labari ne da muka ji har muka gaji lokacin da nake cikin masu tarbar sababbin ɗalibai a can. Kullum mai gidan ba ya gari, kullum ɗakin ya fi kuɗinsa kyau, kullum akwai wasu mutum biyu da ke jira don haka sai ka hanzarta. Daga nan zai ce ka tura ta Western Union, ko ka sayi katin kuɗi irin PCS ko Transcash ka aika masa lambobin. Wani ma har hoton katin shaidarsa zai turo maka don hankalinka ya kwanta, alhali katin na wani bawan Allah ne da aka damfara kafin kai. Saboda haka kai ma kada ka aika masa hoton fasfonka, don gobe da sunanka za a cuci wani. Dokar haya ta Faransa, wadda ake kira dokar 6 ga Yuli 1989, ba ta yarda mai gida ya karɓi kuɗin “ajiye ɗaki” ba kafin a sa hannu a takardar haya. Duk wanda ya nemi haka, ko da gidan nasa ne da gaske, ya riga ya nuna maka irin zaman da za ku yi. Ba a cinikin biri a sama. Ka toshe lambarsa, ka huta.

Maganar abokinka ita ce ke buƙatar a zauna a kanta, don akwai alheri a ciki, akwai kuma tarko.

Alherin shi ne kana da wurin sauka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba duk garuruwan jami'a na Faransa cike suke da masu neman ɗaki, Lille kuma tana cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Ga wani abu da ba kowa ke gaya wa baƙo ba: a Asabar da Lahadin farko na Satumba ake cin babbar kasuwar gwanjo ta garin, Braderie, mutane na kwarara daga ko'ina, masauki ya yi wuya kuma ya yi tsada. Idan jirginka ya faɗo a wannan makon ba ka da wurin kwana, za ka gane kurenka. To ka amsa wa abokinka da godiya, ka sauka wurinsa, ka ajiye jaka, ka riƙa fita neman ɗaki da ƙafarka. Ka roƙe shi ya rubuta maka takardar shaidar cewa shi ya sauke ka, ya haɗa da kwafin katin zamansa da wata takarda mai sunansa da adireshin gidan, kamar ta wuta ko ta haya. Da wannan za ka iya fara wasu abubuwan, ciki har da tabbatar da bizarka ta intanet, wanda dole ne ka yi cikin wata uku da shigarka ƙasar.

Tarkon kuwa shi ne zaman ya zarce ya zama “ina ba shi rabi” na shekara guda. A nan Maraɗi haya magana ce tsakanin mutane. Dillali ya kai ka, mai gida ya tambayi ɗan wane ne kai, ka ba da abansi na wata biyu ko uku, a yi addu'a, shi ke nan. Ko rigima ta taso, akwai mai unguwa, akwai dattijon da zai sa baki. A can babu wanda ya san Baba. Abin da hukuma ta sani shi ne sunan da ke kan takardar haya. Da ita kake da adireshi na kanka, da adireshin banki ke sakin jiki da kai, da shi ofishin farfe ke duba takardunka lokacin sabunta katin zama, da takardar ce kuma ake neman tallafin haya. Idan kana biyan abokinka a hannu mai gida bai sani ba, sunan wannan sake-haya, kuma doka ta ce sai da izinin mai gida a rubuce. Ranar da mai gida ya gano, abokinka ne zai iya rasa ɗakin ta dalilinka. Ranar da kuka saɓa, kai ne za ka tsinci jakarka a bakin ƙofa cikin sanyin Disamba, ba ka da takarda ko ɗaya da za ka nuna. Dokar nan da ta hana fitar da ɗan haya daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris an yi ta ne don mai gida da hukuma, ba za ta hana aboki mai fushi canza makulli ba. Idan kuma ɗakin abokin naka na CROUS ne, to ma dokar gidajensu ta hana zaunar da wani gaba ɗaya, sai ka taƙaita zaman sosai. Tambaye shi tun yanzu wane irin ɗaki ne, sunan wa ke kan takardar, kuma ku yanka wa'adi tun kafin ka taso: mako biyu, ko uku, ko wata. Abota ta fi daɗewa idan an san ranar tashi.

Abin da za ka nema shi ne gidan haɗaka na gaskiya, abin da suke kira kolokasiyo: kowa da ɗakinsa, a haɗa madafi da makewayi da falo, sunan kowa a rubuce. Tun 2014 doka ta san da wannan tsari, kuma iri biyu ne. Bambancinsu ne mafi yawan yaranmu ba sa dubawa sai ya cije su.

Na farko, kowa da takardarsa shi kaɗai da mai gida. Ɗakinka naka, kuɗinka naka, idan maƙwabcin ɗakinka ya ƙi biya ba ruwanka. A wannan tsarin ɗakin da aka ba ka dole ya kai murabba'in mita 9 aƙalla. Aibinsa ɗaya: mai gida ne ke zaɓar wanda zai shigo idan wani ya tashi, ba ku ba. Duk da haka, ga baƙo sabon zuwa, shi nake zaɓa maka.

Na biyu, takarda ɗaya ce ku duka ku sa hannu. A cikinta kusan kullum akwai sharaɗin ɗaukar nauyin juna, wato idan ɗaya bai biya ba mai gida yana da ikon ya bi kowane ɗayanku ya karɓi kuɗin gidan duka. Kamar adashe ne da aka ce in wani ya ci ya gudu, kai za ka cike. Kuma nauyin ba ya sauka ranar da ka kwashe kayanka. Yana bin ka har sai an rubuta sunan wanda ya maye gurbinka, in ba a samu ba kuma har wata shida bayan cikar wa'adin sanarwarka. Wanda ya tsaya maka ma haka yake ɗaure. Sannan kuɗin ajiya a irin wannan takarda mai gida ba ya mayar da shi sai mutum na ƙarshe ya fita ya miƙa makulli, don haka wanda ya riga tashi sai dai ya karɓi kasonsa daga hannun mai shigowa. Idan ka samu gida irin wannan da mutane ke ciki tuni, suka ce wani ya tashi ka maye shi, kada ka yarda da “shigo kawai, za mu gaya wa mai gida daga baya”. A yi ƙarin takarda mai sunanka, mai gida ya sa hannu, sannan ka ba wanda ya tashi kasonsa na ajiya, shi ma ya rubuta maka cewa ya karɓa.

Yanzu kuɗi, don Baba ya san gaskiyar abin da zai tanada. Yuro 615 a wata da aka daɗe ana nema a nuna wajen biza, wajen jika 403 ke nan, ma'auni ne na takarda, watan farko ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Mu ɗauka ka samu ɗaki mai kaya a ciki, haya Yuro 400, kuɗin ruwa da wuta da sauransu 50. Doka ta yarda mai gida ya karɓi ajiya har ta wata biyu idan gidan mai kaya ne, wata ɗaya idan fanko ne, kuma a kan tsurar haya ake lissafawa ban da kuɗin ruwa da wuta. To ajiya 800, watan farko 450, ya zama 1.250, kusan jika 820 a rana ɗaya, ba ka sayi bargo ba, ba ka yi katin mota ba. Idan ta hannun kamfanin dillancin gidaje ka bi, akwai ladansu a kai, sai dai doka ta yi masa iyaka gwargwadon faɗin wurin. Ga inshorar gida, wadda wajibi ce a kan ɗan haya, kuma za a nemi takardarta ranar ba da makulli. Ba ta da tsada, amma ba a tsallake ta. Tallafin haya na CAF, hukumar tallafin iyali, kuwa kada ka sa shi cikin lissafin da za ka kai wa Baba. Ba a biyan watan farko, takardun na ɗaukar lokaci, kuma sharuɗɗansa kan ɗaliban waje abu ne da gwamnati ke taɓawa. In ya zo, riba ce.

Idan ka ga an rubuta kuɗin ruwa da wuta a cikin talla, tambayi ko yankakke ne ko na wucin gadi. Yankakke shi ne an ƙayyade, ba ƙari ba ragi. Na wucin gadi kuwa ana sake lissafi sau ɗaya a shekara, a nan ne ake kawo wa mutane takardar cikon da ba su zata ba. Ɗan Maraɗi da ya saba da zafin Afrilu, idan sanyin arewacin Faransa ya kama shi, murɗa na'urar ɗumama ɗaki yake yi har ƙarshe ya kwana da singileti, kuma in da lantarki take aiki kuɗin ba ya da daɗin ji. Gidajen Lille da yawa tsofaffin gine-ginen jan bulo ne, wasu na riƙe danshi. Kowace talla dole ta nuna harafin da gidan ya samu wajen cin makamashi, daga A zuwa G. Tun 1 ga Janairu 2025 an hana ba da sabuwar haya a gida mai G. In ka ga F ma ka yi tunani sau biyu, arhar da ka gani a haya wuta za ta cinye ta.

Babban dutsen da ke tare wa ɗalibanmu hanya shi ne mai tsayawa. Kusan kowane mai gida zai ce ka kawo wanda zai biya in ka kasa, kuma yana son mai albashi a cikin Faransa. Ko Baba na da shaguna goma a babbar kasuwa, takardunsa ba za su gamsar da mai gida a Lille ba. Maganin wannan shi ne Visale, lamuni ne kyauta na hukumar Action Logement ga matasa ƴan shekara 18 zuwa 30, har da ɗaliban waje masu bizar dogon zama. Ta intanet ake nema, kuma tunda bizarka ta fito kana iya farawa tun kana Maraɗi. Abu uku ka riƙe a kansa. Dole ka samu takardar amincewarsu kafin ka sa hannu a haya, ba bayan ba. Ba kyautar kuɗi ba ce, in suka biya maka bashi ne za ka mayar musu. Kuma ba dole ba ne mai gida ya karɓa, wasu na ƙi don ba su saba ba, sai ka yi musu bayani cikin natsuwa ko ka wuce gaba. Akwai kamfanoni masu tsaya wa mutum a biya su, amma kada ka je can sai Visale ta gagara.

Takardunka ka haɗa su wuri ɗaya tun yanzu: fasfo da biza, takardar karɓarka a jami'a, shaidar kuɗin da za ka rayu da su, da takardar Visale. Akwai shafin gwamnati mai suna DossierFacile da ke duba su kyauta ya buga musu tambari a jiki, ta yadda ko sun faɗa hannun ɓarawo ba za su yi masa amfani sosai ba. Wata doka ta 2015 ta jera takardun da mai gida ke da ikon nema, kuma bayanan shige da ficen asusunka na banki ba sa ciki, haka ma takardar asibiti ko ta shaidar rashin laifi.

Wajen nema, fara da Lokaviz, shafin da CROUS ke sa tallan masu gidaje, sannan ofishin jami'arku mai kula da ɗaliban waje. Akwai kuma shafukan La Carte des Colocs da Leboncoin da Studapart. Rukunonin Facebook da WhatsApp na ɗalibai ma ana samu, a can ne dai ɓarayi suka fi yawa. Amma a abin da na gani, ɗaki mai kyau ya fi fitowa ta bakin mutane: ɗalibin da ya gama zai tashi, wani a masallaci ranar Juma'a, ɗan ajinku da ɗaki ya faɗi a gidansu. Nemi ƙungiyar ɗaliban Nijar da ke garin tun makon farko, ka gaya wa kowa kana nema, kada kunya ta hana ka. Kuma kada ka ƙulle kanka a tsakiyar gari. Duba inda ajinka yake tukuna. In a Cité Scientifique ne ko Pont-de-Bois, duka a Villeneuve-d'Ascq suke, layi na 1 na metro, jirgin ƙasan cikin gari, ke zuwa, to Fives da Hellemmes na kan hanyarka. Layi na 2 na kai wa Roubaix da Tourcoing, inda haya ta fi sauƙi, sai dai ka lissafa lokacin tafiya da duhun safiya na hunturu. Wazemmes kuwa nan ne kasuwa da mahautan halal, ranar Lahadi za ka samu kuɓewa da barkono da doya. A cikin Lille da Hellemmes da Lomme akwai dokar ƙayyade kuɗin haya tun 2020, ana rubuta iyakar a takarda, ka duba.

Akwai wata hanya da yaranmu ba su cika dubawa ba, alhali ta dace da tarbiyyarmu: zama da tsoho ko tsohuwa. Dokar 2018 ta tsara shi, mai shekara 60 zuwa sama ya ba matashi ɗan ƙasa da 30 ɗaki a gidansa da kuɗi kaɗan, shi kuma ya ɗebe masa kewa da ƴan taimako. Ƙungiyoyi ne ke haɗa mutanen, irin su ensemble2générations. Yaron da ya tashi yana gaida kakarsa kowace safiya ba zai ga wahalar wannan ba, kuma Faransancinsa zai gyaru cikin ƴan watanni. Wanda ke son hira har tsakar dare da abokai dai kada ya gwada.

Zan gaya maka wata gaskiya mara daɗi. Za ka aika saƙo ashirin a amsa maka biyu, wani lokaci kuma da an ji sunanka ko muryarka sai a ce an riga an ba da ɗakin. Ƙin ba mutum haya saboda asalinsa ko addininsa laifi ne a dokarsu, hukuncinsa na kai wa ɗaurin shekara 3 da tarar Yuro 45.000, akwai ma lambar 3928 ta kai ƙara. Tabbatar da shi ne ke da wuya, kai kuma ɗaki kake nema kafin a fara darasi. Abin da ke hannunka shi ne saƙon farko. “Salut, c'est dispo?” ba ya samun amsa. Rubuta layi biyar masu tsabta: sunanka, abin da kake karantawa da inda kake yi, ranar da kake son shiga, cewa kana da Visale, ba ka shan taba, da lokacin da za ka iya zuwa gani. Ka amsa da wuri, ka je kan lokaci. A gidan haɗaka sau da yawa mazauna gidan ne ke tantancewa, kuma abin da suke son sani shi ne ko kana wanke tukunyarka.

In ka je gani, bar kallon labule. Buɗe famfo ka ji ko ruwan zafi na zuwa. Dubi kusurwar bango bayan gado da gefen taga, baƙin tabo alamar danshi ne. Ɗaga katifa ka duba ɗinkinta, kuɗin cizo ya zama annoba a biranensu kuma fitar da shi na da tsada. Leƙa madafi da makewayi, su za su gaya maka halin mutanen gidan fiye da bakinsu. Tambayi me ya tayar da wanda ke ɗakin. Ka je da abokinka, ido biyu ya fi ɗaya, kuma shi ya san farashin unguwa.

Sai zaɓen abokan zama, wanda a ganina ya kai kuɗin muhimmanci. Gidajen haɗaka da yawa maza da mata ne a haɗe, wannan ba abin mamaki ba ne a wurinsu, to in ba za ka iya ba ka tambaya tun a saƙo. Firji ɗaya ne, za ka iya buɗewa ka ga naman alade ko kwalbar giya a saman kwanonka. Wasu yaranmu na jurewa da shiryayye nasu da tukunya tasu da soso nasu, wasu ba sa iyawa, kai ka san kanka. Faɗi tun farko cewa kana salla, kana tashi da asuba, kuma da azumi za ka shiga madafi cikin dare. Yawancinsu ba su da matsala da wannan in an gaya musu, abin da ke ɓata musu rai shi ne ba-zata. Buta ma sai ka kula: makewayinsu ba a yi shi don zubar da ruwa a ƙasa ba, ka goge bayan alwala, don rigimar gida da yawa daga jiƙaƙƙen daɓe take farawa. Abinci kowa da nasa, ba a ɗaukar madarar wani ko ƙwai ba tambaya, ko da kai a ranka ka san da shi ne ya ɗauki naka ba za ka ce komai ba. Baƙo ba ya faɗowa haka kawai ya kwana uku. Bayan ƙarfe goma na dare a rage murya, har da kiran bidiyo da gida, wanda mu ba mu iya yin sa a hankali ba. In za ka soya albasa da daddawa, buɗe taga, sannan ka zuba musu su ɗanɗana.

To ko ka nemi ƴan gida kawai ku haɗu? Akwai daɗi: tukunya ɗaya, salla tare, shayi, wanda zai kula da kai in zazzaɓi ya kwantar da kai. Amma zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma tsakaninmu abin da ke kashe zama shi ne kunya. Ɗan'uwanka zai ce kuɗinsa ba su iso daga gida ba, ka cike masa, wata ya zagayo ka kasa tambaya, har abin ya taru ya fashe ya iso kunnen iyaye a Maraɗi. In da ƴan gida za ka zauna, rubutun ya fi zama dole. Kowa ya tura kasonsa ta banki kai tsaye, kuɗin wuta da intanet da cefane a sa su a manhaja irin Tricount kowa na gani, a lika jadawalin shara a jikin firji. Ni dai da za ka bi tawa, shekarar farko ka zauna da waɗanda dole ka yi Faransanci da su, ka riƙa zuwa wurin ƴan gida ranar hutu cin tuwo. Masta shekara biyu ce kacal, kuma neman wurin horon aiki da harshe ake yin sa.

Ranar shiga, tsarin shi ne: ka karanta takardar duka, ku sa hannu, ka biya, a ba ka makulli, duk a zama ɗaya ko kusa da haka. Biya ta banki. In dole sai a hannu, a rubuta maka rasit nan take, kuma kowane wata ka nemi takardar shaidar biyan haya, kyauta ce, dole mai gida ya ba ka in ka nema. Duba tsawon hayar: gida mai kaya shekara ɗaya ne mai sabunta kansa, amma akwai na ɗalibai na wata 9 wanda ba ya sabuntuwa, ka san wanda ka sa wa hannu don kada Yuni ya zo maka da mamaki. Akwai kuma na gajeren zama, wata 1 zuwa 10, wanda doka ta hana karɓar ajiya a kansa sam.

Takardar duban ɗaki da za ku cike ranar nan ita ce za ta dawo maka da jika ɗari biyar ɗinka na ajiya ko ta cinye su. Kada ka ji nauyin mai gida ka ce komai lafiya. Duk tsaga, duk tabo a katifa, duk ƙofar kabad da ba ta rufuwa, a rubuta, ka ɗauki hoto, a rubuta lambobin mitar wuta da ruwa. In ka ga wani abu daga baya kana da kwana 10 ka nemi a ƙara, na'urar ɗumama ɗaki kuma kana da watan farko na kunna ta. A ranar ka rubuta sunanka a akwatin wasiƙa na ƙofar gida, don ma'aikacin gidan waya ba ya tambayar maƙwabta, in bai ga suna ba katin bankinka da wasiƙar ofishin farfe komawa za su yi.

Fita ma da ƙa'idarta. Gida mai kaya sanarwar wata ɗaya ce. Fanko wata uku ne, amma a garuruwan da haya ta yi ƙaranci irin Lille ya koma ɗaya, muddin ka ambaci dalilin a wasiƙar. Saƙon WhatsApp ba sanarwa ba ne, wasiƙa mai rajista ake aikawa wadda mai gida zai sa hannu ya karɓa, kuma daga ranar da ta shiga hannunsa ake fara ƙirga. Ajiyarka za ta dawo cikin wata ɗaya in ɗakin na nan yadda aka ba ka, wata biyu in akwai abin cirewa, kuma duk abin da aka cire sai an nuna hujjarsa. In ya yi jinkiri, doka ta ɗora masa kashi 10 cikin ɗari na hayar wata a kan kowane watan da ya shiga. Duk inda ka ga abin da ba ka gane ba, kafin sa hannu ko bayansa, je ofishin ADIL na yankin, masana dokar haya ne kuma shawararsu kyauta ce. Baba kuma ka ce masa ya raba kuɗin gida biyu: guzurin da za ka taso da shi na makonnin farko, da na haya da ajiya wanda zai turo ranar da ka kira shi ka ce ga ka tsaye cikin ɗakin, takarda na hannunka.